Datsin da Haladu Ya Fasa

"'Yar'azumi! Ke 'Yar'azumi, tsaya mana! Albishirinki!"

Fanna ta waiwayo da kwandon turaren wuta a kanta. Sunan da mutanen Haɗeja suka laƙaba mata ke nan don a watan azumi aka haife ta, amma a gida ba mai ce mata komai sai Fanna.

Haladu ne ya taho a guje daga wajen mashigin kogi, fartanya a kafaɗa, taɓo tun daga ƙafa har gira, sai washe baki yake yi.

"Goro," ta ce tana dariya. "Wane rami ka faɗa haka?"

"Fari ko ja?"

"Fari tas."

"Gonar Baba na ceto miki, sanyin idona! Ni da samarin unguwarmu, tun da assalatu. Kin san ruwan nan da ya kwanta a cikinta sama da wata guda? Mun farfasa datsin gaba ɗaya, ya zurare tas! Nan da jibi ƙasa za ta sha iska."

Kwandon ya suɓuce daga kanta, turaren ya watse a ƙasa.

"Ka... ka fasa me?"

"Datsin mana. Ki ga yadda ruwa ya cinye min shinkafata bana, ai ba zan zuba ido ya cinye gonar surukina ba."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Haladu, ka kashe ni!"

Kai jama'a, Allah ya raba mu da taimakon wanda bai san kan abu ba! Haladu ɗan fadama ne, kakanninsa ma a nan aka haife su. A saninsa ruwa idan ya kwanta a gonar dawa, to annoba ce. Ina ya san cewa ruwan nan shi ne noman?

Mala, mahaifin Fanna, Babarbare ne daga wani ƙauye a bakin tafkin Cadi. Yunwar Kakalaba ce ta koro shi Haɗeja shi da matarsa Yagana, yau shekara ashirin. Da yake baƙo ne ba a ba shi fadama ba, sai wani fegin baƙar laka can bayan gari wanda ba mai so. A nan yake noman garinsu, wata dawa da suke kira masakwa. Sai ya kewaye gonar da datsin ƙasa, ruwan damina ya kwanta a ciki wata biyu cur, lakar ta sha ta ƙoshi har can ƙasa. Irin kuwa a gefe yake yayyafa shi. Idan sama ta ɗauke, kowa yana shirin girbi, lokacin ne shi zai fito da turkensa mai tsini yana huda ƙasa yana dasawa. Da wannan danshin dawar za ta rayu har ta nuna cikin sanyi.

Mutanen gari kuwa dariya suke masa. Babarbare mai shuka bayan ruwa ya ɗauke, haka yara suke rera masa a hanya.

"Ban gane ba," in ji Haladu, murmushinsa ya fara dusashewa. "Ba ke kika ce min..."

"Na sani! Na san abin da na ce!"

Ta sani kuwa. Wata guda da ya wuce ya tambaye ta a gaban ƙawayenta me ya sa Baba yake barin ruwa a gonarsa. Ta ga 'yan matan sun fara ƙunshe dariya, sai ta yatsina fuska ta ce, "Rabu da shi, rigimar tsufa ce."

Kuma ba bana ba, wallahi ba bana ba! Shekara biyu a jere fara tana cinye amfanin, irin da aka yayyafa shi ne na ƙarshe a gidan. Idon Mala ya fara dishi-dishi. Ɗansa namiji tilo, Bakari, ya tafi haƙar kuza Jos shekara huɗu ba shi ba labarinsa. Da Haladu ya aiko neman aure, tsohon ya yanke magana ɗaya: idan masakwa ta yi bana, ƙasar ta karɓe su, zai ba shi Fanna. Idan ba ta yi ba, zai bi ayari ya koma Barno tun yana iya ganin hanya. Wa zai riƙe masa sanda, wa zai ɗebo wa Yagana ruwa? Amsar ba ta bukatar faɗa.

Fanna ta tattare zanenta ta zura da gudu, Haladu ya rufa mata baya.

A tsakiyar gonar suka iske Mala, takalmansa a hannu, yana taka lakar a hankali da tafin ƙafa. Ruwan da sai nan da sati uku ya kamata ya tsotse, babu ko ɗigo. Rana har ta fara busar da saman ƙasar.

Haladu ya zube a gabansa.

"Baba, ka yafe ni. Ni ne. Wallahi da kyakkyawar niyya na yi."

Mala yana jin Hausa, amma tun ranar da aka kwaikwayi harshensa a kasuwa bai sake yarda ya yi maganar kirki da ita ba. Fanna ce bakin gidan tun tana 'yar shekara shida. Ita ce gaban Bulama mai unguwa, ita ce gaban masu haraji, ita ce ciniki, ita ce ba da haƙuri. Yau ma ita ya kalla, ya yi magana da Barbarci, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Tambaye shi, a garinsu haka ake shiga gonar mutum ba sallama? Ko don ta baƙo ce?"

Fanna ta juya wajen Haladu. "Ya ce... ya ce da ka yi shawara da shi."

"Ba haka na ce ba," Mala ya katse ta. "Ina jin abin da kike faɗa, Fanna. Kada ki sa wa maganata zuma."

Ta faɗa yadda ya faɗa, kanta a ƙasa. Haladu ya ɗago a firgice.

"Haba Baba! Wane irin baƙo? A al'adarmu wanda yake neman aure yakan kai wa suruki gayya ba tare da ya sani ba, girmamawa ce. Kuma sai da na tambayi 'Yar'azumi, ta ce..."

Sai ya datse bakinsa. Ina, ya makara.

"Ya tambaye ki," in ji Mala. "Me kika ce masa?"

"Baba, don Allah..."

"Me kika ce masa?"

Hawaye suka ɓalle mata. Da za ta iya ƙarya da ta yi, amma Haladu yana durƙushe yana shirin ɗaukar laifin shi kaɗai, ita kuwa zuciyarta ba za ta iya ba.

"Na ce... rigimar tsufa ce."

Mala ya kafe ta da ido. Fanna ta gwammace ya ɗaga hannu ya mare ta.

"Kin san amfanin ruwan?"

"Na sani."

"Ke nake ba wa ƙoƙo kina zuba ruwa a rami tun kina tatata. Da tuwon masakwar nan aka yaye ki."

"Na sani, Baba."

"To me ya hana ki faɗa masa?"

"Suna dariya ne... ƙawayena. Na gaji, Baba! Na gaji da a ce min 'yar mai shuka da rani! So nake rana ɗaya tak in zama kamar kowa!"

Ta toshe bakinta da hannu, amma maganar ta riga ta fita.

Mala ya gyaɗa kai a hankali. Ya sunkuya ya sa takalmansa, ƙafa ɗaya bayan ɗaya.

"Shekara ashirin garin nan yana min dariya, ko a jikina, don ina cewa a gidana akwai wanda ya san abin da nake yi. Ashe ni kaɗai ne." Ya juya wajen Haladu. "Faɗa masa na ba shi ke. Ayarin 'yan kanwa zai tashi nan da kwana biyar, ni da uwarki za mu bi shi. Ke ki zauna. 'Yar nan ce ke, kin faɗa da bakinki."

"Baba! A'a, Baba!"

"Me ya ce?" Haladu yana tambaya. "'Yar'azumi, me ya ce?"

Ba ta iya fassarawa ba. Yau da aka ba ta abin da take kwana tana roƙon Allah, ji ta yi kamar an zare mata ƙashin baya.

A gida ta tarar Yagana ta riga ta fara sauke tukwane tana ɗaure tsummokara. Shekara ashirin matar nan a Haɗeja, Hausarta ba ta wuce sannu da na gode ba.

"Iya, ki ba shi haƙuri."

"Da wane baki? Ke ce bakinmu, ga abin da bakin ya faɗa."

"Kuskure na yi..."

"'Ya'ya uku na binne a ƙasar nan, Fanna. Na huɗu ya bi kuza. Ke kaɗai kika rage, muka ɗora miki kayan mutum biyar. Kina tsammani ban sani ba? Na sani. Amma ubanki ba shi da komai a duniya sai noman nan, shi kaɗai ya fito da shi daga gidan ubansa."

"Tafiyar wata guda ce, Iya. Ba ya gani sosai, ke ga ciwon ƙafa. Kuma wa ya rage muku a can?"

Yagana ta ja bakin ƙullin ta ɗaure tamau.

"Ban sani ba," ta ce. "Shi ma bai sani ba."

Washegari Fanna ta ɗauki tulu. Daga kududdufin bayan gari zuwa gonar, ta cika ta juye, ta koma ta cika ta juye. Wauta ce, ita ma ta sani. Ruwan tulu ina zai kama ƙafar ruwan wata biyu? Tana juyewa ƙasar tana shanyewa, kafin ta dawo wurin ya bushe. Ga irin can a gefe ya kai kamu biyu, kore shar, idan ba a samu inda za a dasa shi ba ya tashi aiki. Amma zama a gida tana kallon ƙullin kaya ya fi mata ciwo.

A rana ta biyu, da azahar, Haladu ya zo ya sauke tulun daga kanta da ƙarfi. Wuyanta ya sage, tafin ƙafarta duk ya faffashe.

"Ya isa haka, 'Yar'azumi. Kashe kanki za ki yi?"

"Ba ni tuluna."

"Na ji abin da Baba ya ce. Maƙwabcinku ya faɗa min. Ya ba ni ke."

"Bai ba ka ni ba. Yar da ni ya yi, ka tsinta." Ta share fuska da gefen zane. "Haladu, Allah ya sani ina son ka. Tun ranar da ka tsallakar da ni kogi ka ƙi karɓar komai, ban ƙara ganin wani namiji ba. Amma ko ya kore ni zan bi su. Ko a bayan ayari ne."

"Ni fa?"

"Kai kana da dangi gari guda. Su ba su da kowa sai ni."

"Wallahi in kika tafi..."

"Kada ka ƙarasa, ka tausaya min!"

Ta durƙushe tana kuka mai cin rai. Haladu ya tsaya yana kallon ɓarnar da hannunsa ya yi, idonsa jajur. Can ya tsugunna nesa da ita kaɗan.

"To faɗa min yanzu. Abin da kika ƙi faɗa min a gaban ƙawayenki. Yadda ake noman nan, daga farko har ƙarshe."

Ta faɗa masa, cikin shessheƙa. Yadda ake son baƙar laka, yadda ruwa zai kwanta ya daɗe, yadda ake bin sawunsa da dashe da zarar ya janye.

"Ruwa ya kwanta wata biyu," ya maimaita. "Baƙar laka... sannan ya janye."

Ya miƙe zumbur.

"Tashi mu je wajen Baba!"

A zaure suka same shi yana gyara igiyar salkar ruwa. Haladu ya yi sallama sau uku kafin a amsa masa ciki-ciki.

"'Yar'azumi, faɗa masa daidai yadda na faɗa. Fadamata ta bakin mashigi, wadda na gada wajen ubana, ruwa ya hau ta tun tsakiyar damina ya kashe shinkafar. Shekaranjiya ya fara janyewa. Laka ce baƙa wuluk, ƙafa tana nutsewa har ƙauri. Ya zo ya dasa irinsa."

Fanna ta fassara. Hannun Mala ya tsaya cak a kan igiyar. Manomi ne, ya san abin da aka kwatanta masa. Irin ƙasar da ya yi shekara ashirin yana hange daga nesa ke nan.

Amma sai ya ci gaba da saƙarsa.

"Ce masa na gode. Na gaji da aro. Wurin kwana aro, maƙabarta aro. Ba zan tsufa ina noman tausayi ba, baɗi danginsa su zo su ce Babarbare ya tashi."

Da Haladu ya ji, sai ya matso gaba a kan gwiwoyinsa.

"Ba aro ba ne. Sadakin Fanna ne."

Karo na farko ke nan da ya kira ta da sunan gida. Ta ɗago a razane.

"Haladu, ka yi hankali! Ita kaɗai ce gonarka. Innarka Saude ba za ta yarda ba!"

"Sai dai ta yi faɗa, ta yi kuka, ta gama. Ina da kwalekwale, ina da komar kamun kifi, kogi bai ƙafe ba. Gobe a gaban Bulama da shaidu zan faɗa. Sadaki haƙƙin mace ne, ba ma dangina ba, ko ni kaina ba ni da ikon taɓa shi. Faɗa masa gonar 'yarsa zai noma."

Ta faɗa. Yagana, wadda take laɓe a bakin ƙofar cikin gida, ta saki wani ɗan sauti ta toshe baki.

Mala ya ajiye igiyar. Bai kalli Haladu ba, 'yarsa ya fuskanta.

"Bakin mashigi ya ce?"

"E, Baba."

"Inda duk mai shiga kasuwa yake wucewa."

"E."

"Jibi kasuwa take ci. Ni idona ba ya ganin layi yanzu, ba zan iya riƙe turke ba. Mai gona ita za ta huda ƙasarta, da rana tsaka, ƙawayenta suna wucewa. In ba za ki iya ba, ki faɗa min yanzu, ba zan riƙe ki a zuciya ba. Amma ba zan zauna a garin da 'yata take sunkuyar da kai idan an ambaci sana'ata ba."

Fanna ta dubi mahaifinta. Ta tashi ta shiga cikin gida, ta ɗauko turken daga inda aka ɗaure shi cikin kayan tafiya, ta kwance shi.

Ranar kasuwa tun da hantsi mashigi ya cika. Masu kifi, masu tabarmi, Fulani da ƙoren nono, kowa yana jiran kwalekwale. Ga 'yar Barebari tsamo-tsamo cikin laka, ta ɗaga turke ta kafa, ta girgiza, ta zare. Haladu yana bin ta da ƙoƙon ruwa da damin iri, yana sakawa bibbiyu yadda aka koya masa. Sau biyu yana cusa su a karkace, Yagana tana daka masa tsawa da Barbarci, shi kuwa sai "to Iya, to Iya" yake cewa bai san me aka ce ba.

Dariya ta fara tashi daga bakin hanya.

"Kai Haladu! Asirin Barebari ya kama ka ne?"

"Dawa bayan ruwa ya ɗauke? A fadamar shinkafa? Allah ya sawwaƙe!"

Sai ga ƙawayenta su huɗu da tallansu. Suka ja suka tsaya, ɗaya ta riƙe haɓa.

"'Yar'azumi! Ke ce kuwa? Wai me kike shukawa haka?"

Fanna ta dakata da turken. Ta waiwaya. Mala yana zaune a kan tudu da sandarsa, ya karkato kunne, ba ya ko motsi.

Ta miƙe tsaye, ta ɗaga murya yadda har na tsallaken kogi sai da suka ji.

"Masakwa ce! Noman ubana ne, na kakannina! Da ita aka yaye ni. Ku dawo cikin sanyi, lokacin da rumbunanku suka fara sauka, ku zo ku ga zangarniya!"

Sannan ta juya ta sake faɗar haka da Barbarci, kalma bayan kalma, a gaban kowa.

Wasu suka ci gaba da dariyarsu suka wuce. Fanna ko kallonsu ba ta yi ba.

Mala ya dogara sandarsa ya sauko cikin lakar, yana laluben hanya har ya iso inda suke. Gemunsa ya jiƙe sharkaf da hawaye. Ya tsugunna ya shafa ramin da ta huda, ya zura yatsa ya ji danshin, ya daɗe a haka. Sai ya kamo hannun Haladu ya danna shi a gindin dashen, ya buɗe baki da karyayyiyar Hausarsa, jama'a suna ji.

"Ba haka ba, ɗana. Danna sosai. Gonar matarka ce."

Fanna ta kifa goshinta a kan turken ta fashe da kuka.

"Kuka kuma?" Mala ya ce da ita da Barbarci. "Rana tana yi, Fanna. Huda na gaba."